Tambayi Likita: Atisayen ƙarfi a gida da shirin gasar gudu

Tambaya: Likita, ina shirin shiga tseren kilomita 10 na gasar gudun fanfalaki ta Legas a watan Fabrairu. Kullum da asuba ina gudu, da yamma kuma ina ɗaga ƙarfe a gida kwana biyar a mako. Yanzu ƙafafuna sun yi nauyi kamar an ɗaura musu dutse. Daga wani matashi a Gangare, Jos.

Amsa: Ƙanena, ƙoƙarinka ya burge ni, amma ka ɗora wa jikinka kayan da ya fi ƙarfinsa. Tsoka tana ƙara ƙarfi ne a lokacin hutu, bayan atisaye ya ɗan wahalar da ita, kuma tana buƙatar kamar sa'o'i 48 kafin a sake matsa mata. Tunda tsere ka sa a gaba, gudu ne babba, ɗaga nauyi mataimaki ne. Rage shi zuwa kwana biyu a mako, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara, kuma ya ishi mai gudu. Ranar da ka yi gudu mai zafi da safe, yi atisayen ƙafa da yammacin ranar, washegari ka huta ko ka yi sassarfa kawai. Kada ka wahalar da cinya ana gobe dogon gudu. Idan saura kwana goma a yi gasar, ajiye ƙarfen.

Akwai abin da 'yan Jos kan manta. Garinmu yana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, ga sanyin hunturu, sai mutum ya zagaya unguwar Rayfield bai yi wani gumin kirki ba. Legas kuwa bakin teku ce, zafi da danshi za su tarbe ka tun da safe. Ka riƙa yin wasu gudun da hantsi don jiki ya saba, ka kuma koyi kurɓar ruwa kana tafe.

Tambaya: Ni mace ce, ba ni da kayan motsa jiki, kuma ina tsoron kada jikina ya murɗe kamar na maza. Daga wata 'yar'uwa a Bukur.

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Sinadarin da ke kumbura tsokar maza kaɗan ne a jikin mace, atisayen kwana biyu a mako ba zai sauya miki siffa ba, sai dai ya kare miki gwiwa da ƙugu. Kayan aiki kuma suna cikin gidanki. Jarka mai lita 5 cike da ruwa kilo 5 ce. Rungume ta a ƙirji, ki tsuguna kamar za ki zauna a kujera, ki miƙe, sau goma, ki huta, ki maimaita sau uku. Sai ki hau matakala ko dakali da ƙafa ɗaya ki sauko a hankali, sannan ki dafa bango ki riƙa ɗaga dunduniya. Bayan kin gama ki ci abin da zai gina jiki: ƙosai, wake, ƙwai ko fura da nono.

Tambaya: Shekaruna 52, ina shan maganin hawan jini. Zan iya haɗa gudu da ɗaga nauyi? Daga wani magidanci a Anguwan Rogo.

Amsa: Za ka iya, Malam, in jinin ya daidaita kuma likitanka ya duba ka ya amince. Fara da tafiya mai sauri. Wajen ɗaga nauyi kada ka riƙe numfashi, domin hakan na cilla jini sama nan take. Fitar da iska yayin da kake ɗagawa. In ka ji ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi, tsaya nan take a kai ka asibiti.

Tambaya: Ƙwaurina na ciwo tun da na ƙara nisan gudu a kan kwalta.

Amsa: Yawanci gaggawar ƙara nisa ce. Rage, ka koma turbar ƙasa, ka duba ko takalminka ya cinye. Idan kuwa wuri ɗaya ne a kan ƙashi, yana zafi in ka danna da yatsa ko kana tafiya kawai, daina gudu a ɗauki hoton ƙafar, don ƙashin na iya yin 'yar tsaga.