Alam ɗin gobara ya mutu, me za a yi kafin a gyara?

Kace alam ɗin gobara na plazarku ya mutu, mai gyara kuma sai sati mai zuwa. Malam ku sa mutum ya zama alam ɗin kawai, a ware maigadi ɗaya yana zagaya kowane bene duk minti 30 da tocila da usur, lambar 'yan kwana-kwana da lambar kiran gaggawa 112 na cikin wayarsa, masu shaguna ma a sanar dasu.

Amma fa kar a haɗa masa da tsaron get. Dare yafi haɗari, musamman in an dawo da wuta, a wajenmu wani tela ya bar dutsen guga a jone ya tafi gida, ƙaurin yadi maigadi ya jiyo ta ƙasan ƙofa. Ƙofar baya ma a cire mata kwaɗo.