Bututun "haidirojin" a jikin janareta: ƙanena yana ciwon kai

Tambaya: Assalamu alaikum injiniya. Wani mutum ya ɗaura wa janaretan ƙanena mai aiki da gas wani bututu a jikin salansa, wai yana mayar da gas ɗin haidirojin, hayaƙin ya zama tururin ruwa zalla. Shi ne ƙanen nawa ya shigar da janaretan cikin shago saboda ɓarayi. Yau kwana uku yana ciwon kai da jiri. Hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye karatun nan ka kira shi ya kashe janaretan ya fito waje. Ka kai shi asibiti yau, ka gaya musu hayaƙin janareta ya shaƙa, kada a sallame shi da maganin maleriya.

Fitar da haidirojin (iskar da in ta ƙone ruwa take zama) daga gas gaskiya ne. Da shi masana'antar takin Dangote da ke Lekki da ta Indorama da ke Eleme suke yin amoniya, daga ita a yi yuriya. Amma can ana haɗa gas da tururi a kan ƙarfen nikel cikin tanderu mai zafin digiri 800 ko fiye, kuma sai an tsame farar wuta tukuna, don tana kashe nikel. Warin da ake saka wa gas ɗin girki domin a gane yoyo, na farar wuta ne. Jikin salansa kuwa bai da zafin wancan tanderun.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne maganar "ai ruwa ne kawai ke fita", kuma kusan kullum sai na ji ta. Mu ƙaddara bututun yana aiki. Kabon ɗin da ke cikin gas ina zai je? A matakin farko, in metan ne (wato gas ɗin da masana'antun nan ke aiki da shi), kowane kashi uku na haidirojin yana fitowa da kashi ɗaya na kabon monoksaid. Masana'anta sai ta sake bi da shi ta wasu tukwanen da tururi, ya koma kabon dayoksaid, sannan a ware shi: in an haɗa da na wutar tanderu, kimanin kilo 9 a kan kowane kilo 1 na haidirojin. A ina mai bututu ya ɓoye waɗannan tukwane? A aljihunsa?

Kabon monoksaid ba shi da wari, ba shi da launi, kuma ya fi iskar oksijin kama jini sau 200 da ɗoriya. Mutum ya ji kasala, ya ce bari in kishingiɗa, sai a ɓalle ƙofa da safe. Hayaƙin gas ba ya yaji a ido kamar na fetur, shi ya sa ake sakankancewa da shi. Wanda ya karɓi kuɗin mutum ya ce masa ya rufe kansa da janareta, wallahi rai yake wasa da shi.

A cire bututun, mai walda ya toshe duk hujin da aka yi wa salansa. Janareta ya koma waje, nesa da taga, a yi masa kejin ƙarfe da kwaɗo. Sannan ka bi layin shagunan ka tambayi wa da wa aka ɗaura wa.