Amsa ga mai tambaya kan kumbar kogi

Malama, kin ce a labarinki masuncin garin Kusuri na Kamaru zai tsinci lu'ulu'u cikin kumba ya yi arziki, kina tambaya ko zai shiga hankali. Gaskiya da kamar wuya. Lu'ulu'un kasuwa yawanci na kiwo ne, wanda ya yi suna a da kuwa na kawar teku ne, irin wanda aka riƙa nutso ana cirowa a ƙasar Baharen. Tamu ta kogunan Shari da Lagon manne take da dutse, tana zuƙar ruwa tana tace dattinsa, ƙananan kifaye na fakewa a tsakaninta. Da rani na ga yara na ɓamɓaro ta, yatsu duk yanka, a ƙona ɓawon a samu farar ƙasa. Da labarin nawa ne, ranar da kumbar ta ƙare dutsen ya koma fayau zan rubuta.