Kwamfutata kullum a jone take da caja, me ya sa batirinta ke raguwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Wata 16 ke nan da na sayi kwamfutata ta tafi-da-gidanka, sabuwa fil. Aikina na kan tebur ne, don haka kusan kullum a jone take da caja, tun safe har dare. Da farko in na zare ta takan yi min awa biyar, yanzu da ƙyar take kai awa uku. Kuma sau da yawa sai in ga ta tsaya a kan kashi 96 ko 97, tana jone amma ba ta ƙaruwa. Wani mai gyara ya ce ni na kashe batirin da yawan caji, wai maganin shi ne duk mako in bar ta ta shanye cajin har ta mutu da kanta, ta kwana biyu a haka, sannan in cika. Na yi sau uku, ban ga canji ba. Hankalina ya tashi, domin da ita nake neman abin kaina, kuma ba ni da halin sayen wata. Shin na lalata ta ne?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, kwamfutarki lafiyarta ƙalau, batirin ne ya fara tsufa da wuri. Amma tun kafin mu yi nisa, don Allah ki daina abin da mai gyaran nan ya sa ki. Sau ukun da kika yi ya isa haka.

Tsayawa a kan 96 ko 97 ba matsala ba ce. A cikin kowane batirin kwamfuta akwai ɗan allon lantarki da ke gadinsa. Da batirin ya cika sai allon ya yanke caji, kwamfuta ta koma cin wuta kai tsaye daga caja, kuma ba zai sake buɗewa ba sai cajin ya sauka kaɗan, galibi wajen kashi 95. Da gangan aka tsara shi haka. Saboda haka maganar wai wuta tana ta ɗura wa batir har ya yi ambaliya ba ta da tushe.

Abin da ya ci miki awa biyun nan abu biyu ne da suka haɗu: zama a cike, da zafi. Batirin kwamfuta na sinadarin litiyam ne, haɗin ƙananan batura da ake kira ƙwayoyi. Kowace ƙwaya idan ta cika tana tsaye ne a kan volt 4.2 (volt ma'aunin ƙarfin wuta ne), wasu sababbin ma sun ɗara haka. A wannan matsayi sinadaran ciki a takure suke, ruwan batir yana ta ruɓewa a hankali yana yin wani ɓawo a jikin wani nau'in gawayi da ke cikin ƙwayar mai riƙe caji, ɓawon kuma yana cinye litiyam ɗin da ya kamata ya yi miki aiki. Wannan yana faruwa ko kin yi amfani da batirin ko ba ki yi ba. Zafi kuma shi ne ke iza wutar. Ki duba yanayin taki: batir a cike dam, kwance kusa da injin da ke aiki awa goma a rana, wata 16 a jere. Kamar igiyar roba ce da aka ja ta har ƙarshe aka ɗaure a rana. Ba za ta tsinke yau ba, amma ranar da kika kwance ta ba za ta koma yadda take ba.

Don ki daina hasashe, auna shi. In Windows ce, ki buɗe Command Prompt, wato manhajar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ki rubuta powercfg /batteryreport. Zai fitar da rahoto mai lambobi biyu: abin da aka ƙera batirin ya ɗauka, da abin da yake iya ɗauka yanzu. A ce na farko 50,000 ne na biyu 40,000, to kashi 80 ya rage miki. In MacBook ce, sashen batir na cikin saituna zai nuna miki. Wani lokaci za ki tarar batirin bai ragu sosai ba, manhajojin da kika tara ne suke shan caji fiye da da.

Yanzu bari in dawo kan mai gyaranki, domin wannan magana ta ishe ni. Babu makon da zai wuce ban ji ta ba, kuma daga bakin waɗanda suke riƙe da sukudireba suna karɓar kuɗin mutane. Asalinta tsohon batirin nikel da kadmiyam ne, wanda aka san shi da wata ɗabi'a: in ana yawan caja shi bai ƙare ba, sai ya riƙa yin kamar ƙarfinsa ya ragu, shi ya sa ake shanye shi lokaci-lokaci. To amma batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, ba shi da wannan ciwo. Fiye da shekara 30 ke nan ana ba shi maganin cutar da ba tasa ba. Wanda ya koya daga ubangidansa ya koya wa yaronsa, babu wanda ya tsaya ya tambayi dalili.

Ga abin da ke faruwa in kin bi shawararsa. Shanye batir daga 100 zuwa sifiri shi ne zagaye mafi wahala a gare shi, kuma zagayen nan ƙidayayye ne. Batura da yawa tsakanin zagaye 300 zuwa 500 suke fara nuna gajiya, Apple kuma ya ce na MacBook na zamani an yi su su kai 1000. Kin ga duk mako kina ƙona ɗaya a banza. Wannan ma mai sauƙi ne. Barin sa ya kwana a mace shi ne babbar ɓarna. Lokacin da kwamfuta ta ɗauke, ƙwayoyin suna wajen volt 3, an bar musu ɗan guzuri. Amma batir yana zubar da caji da kansa ko a ajiye, allon gadin ma yana ɗan tsotsa. Kwana biyu ba lallai su kashe shi ba, sai dai wanda ya saba da haka wata rana tafiya za ta kama shi, kwana biyu su zama wata biyu. Idan ƙwaya ta faɗi ƙasa sosai da volt 2.5 ta daɗe a can, siririn jan ƙarfen da ke cikinta yakan fara narkewa ya shiga ruwan batir. Ranar da aka sake tura mata wuta, jan ƙarfen nan zai iya sake daskarewa a inda bai kamata ba, ya huda siririyar fatar da ta raba ɓangarori biyu na cikin ƙwayar don kada su haɗu. Daga nan sai zafi, sai hayaƙi, wani lokaci sai gobara.

Shi ya sa allon gadin yake kulle batirin da ya faɗi irin haka, ya ƙi karɓar caji ko da an jona. Ba lalacewa ya yi ba, ranki yake karewa. To sai a koma wurin mutumin da ya jawo matsalar tun farko, ya ce ai abu ne mai sauƙi, zai "tayar" da shi. Ya fasa murfin, ya tsallake allon, ya ɗana wa ƙwayoyin wuta kai tsaye. An taɓa kawo min irin wannan a teburina. Wajen da ake goga yatsa ya ɗago har ba ya dannuwa, ƙasan kwamfutar ya turo ba ta zama daidai a kan tebur. Da na kwance, batirin ya kumbura kamar matashin kai, ga tabon dalma a inda aka jona waya, ga wani ɗan wari mai zaƙi-zaƙi irin na sinadarin goge farce. A gefe ɗaya kuma an soka masa allura, wai don iskar ta fita, an liƙe da salatif. Mai ita ya ce min a kan gado yake aiki da ita, yaransa na barci a gefe. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Wanda ya yi wannan aiki bai san abin da yake wasa da shi ba, kuma rashin sani ba uzuri ba ne ga wanda ya kafa teburi ya ce shi mai gyara ne.

Gaskiya ɗaya ce tak a cikin maganar shanye batir. Ma'aunin da ke nuna miki kashi nawa ya rage yakan ruɗe in an daɗe ba a motsa batirin ba, har ki ga ta ɗauke alhali tana nuna kashi 20. In haka ta faru, a cika shi, a yi aiki da shi har ya kusa ƙarewa, a mayar da caja nan take. Yin haka ma'aunin kawai yake gyarawa, ba ya ƙara wa batir ko minti ɗaya, kuma sau ɗaya a 'yan watanni ya wadatar.

Abin da za ki yi yanzu shi ne ki sa wa cajin iyaka. Kusan duk manyan kamfanoni sun tanadi wannan. Lenovo na da shi a manhajar Vantage, ASUS a MyASUS inda za ki zaɓi kashi 60 ko 80, Dell na da zaɓi na masu aiki a jone kullum, HP kuma a kwamfutocinsa na ofis ya sa shi a cikin BIOS, wato saitunan da ake shiga a lokacin kunna kwamfuta. MacBook takan koyi al'adarki ta riƙe cajin a kashi 80 da kanta. Tunda ke mai zaman tebur ce, ki sa 80, ko 60 in akwai, ki bar ta a jone ba fargaba. Ranar da za ki fita da ita sai ki cire iyakar ki cika.

Sannan ki raba ta da zafi. Kada ki ɗora ta a kan katifa ko bargo, ki ɗan ɗaga bayanta iska ta ratsa, a share ƙurar fanka in ta taru. In za ki ajiye ta na tsawon lokaci, ki bar ta da kusan rabin caji, a kashe, ki riƙa leƙa ta bayan 'yan watanni.

Abin da batirin ya riga ya rasa ba zai dawo ba, babu manhaja ko dabarar da za ta dawo da shi, har da sa shi a firiza da wasu ke yi, wanda danshi kawai yake jawowa. Amma awa ukun da kike da su za su daɗe tare da ke in kin sa iyakar nan. Ki kifa kwamfutar yau ki shafa ƙasanta, ki danna wajen goga yatsa ki ji. In kin ga alamar kumburi, ki kashe ta, ki zare caja, kada ki danna kuma kada ki bari a huda, ki kai a sa miki batir na asali, tsohon kuma a miƙa shi inda ake karɓar matattun batura, kada ya shiga kwandon shara.