Tambaya da Amsa: In haɗa horon jirgi mai inji biyu da lasin CPL a tafi ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Kyaftin, ina da lasin PPL (na tuƙin jirgin sama don kai, ba don a biya ka ba) kuma na gama horon tuƙi da na'ura cikin gajimare, yanzu awoyi nake tarawa don CPL, wato lasin tuƙin kasuwanci da ake biyan mutum. To wani abokina yace in yi jarrabawar CPL ɗin kai tsaye a jirgi mai inji biyu in huta, wai babu amfanin zama jarrabawa sau biyu. Don Allah hakan ya fi ko asarar kuɗi ce?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Abokin naka bai yi ƙarya ba ana yi, amma fa sai ka fara duba dokar wace hukuma kake bi, don nan ne abin ya rabu.

In tsarin Amurka ne na FAA, hukumar jiragen samansu, CPL na buƙatar awa 250, ko 190 a makarantun Part 141, wato waɗanda FAA ta amince da tsarin karatunsu. Idan kace da inji biyu zaka fara, to dole wasu awoyin ka yi su a cikin jirgin inji biyun kansa, har da doguwar tafiya ta mil 300 (nautical mile) da doka ta nema, kuma awa ɗaya a mai inji biyu irin Piper Seminole ko Diamond DA42 ba sa'ar Cessna 172 mai inji ɗaya bace wajen cin aljihu, inji biyu ne ke shan mai ai. Sannan abinda mutane basa lura dashi, lasin da zaka samu na inji biyu ne kawai, a inji ɗaya kana nan a matsayin PPL ba za a biya ka ba sai ka sake zama wata jarrabawar, alhali aikin farko na yawancin sabbin matuƙa koyarwa ce a ƙananan jirage masu inji ɗaya. To ina hutun? Wanda ya fara da inji ɗaya ya ƙara na biyu daga baya, doka bata sa masa adadin awa ba, babu rubutacciyar jarrabawa, malaminsa ya gamsu ya sa hannu, ya yi jarrabawar tuƙi da mai jarrabawa shikenan. Ni a can wannan nake ba mutane shawara.

Turai kam da sauƙi, hukumarsu ta jiragen sama EASA awa 6 na tashi ta nema a jirgin inji biyu da awa 70 kana riƙe da ragamar jirgi, dama CPL ɗin na neman awoyi a jirgi mai naɗe taya da farfela mai sauya kusurwa, mai inji biyun ya cika wannan, don haka haɗawa akwai riba.

Kar kuma ka ɗauka wahalar inji biyu tuƙa biyun ne, a'a, rasa ɗaya ne. Malami zai janye maka inji ɗaya jim kaɗan bayan tashi, hancin jirgi ya fizge gefe, ka danna ƙafa ka miƙar dashi, ƙafar da bata aikin komai ɓangarenta ne ya mutu, ka tabbatar kafin ka juya farfelar ta daina tare iska, idonka na kan shuɗin layi a agogon gudu, wato gudun da jirgi ya fi hawa da inji ɗaya, ka sake gudun ya sauka ƙasa da jan layi jirgin ya ƙwace maka. Rabin ƙarfi ya tafi amma ƙarfin hawa kusan kashi 80 cikin ɗari ne ke tafiya. Duk wannan a kan abinda CPL ke nema, in tuƙin na'urarka bai zauna ba tukuna kar ka haɗa.

Ka tambayi makarantar ko jirginsu mai inji biyu guda ɗaya ne tak, don in ya shiga gyara ana gobe jarrabawa zaman jira zakayi, hannunka na yin sanyi.