Sassaucin dokar gobara a tashoshin nukiliya

Ka tambaya ko gaskiya ne ana ɗauke wa wasu tashoshin nukiliya a Amurka dokar kariya daga gobara. Ana sassautawa, amma ba a ɗauke ta baki ɗaya.

Tushen dokar shi ne gobarar tashar Browns Ferry a jihar Alabama, ranar 22 ga Maris 1975. Ma'aikata ne ke neman inda iska ke zurarewa da kyandir, wutar ta kama, ta lalata wayoyi sama da 1,600, ciki har da na na'urorin sanyaya tukunyar nukiliya. A 1980 hukumar NRC, mai sa ido kan tashoshin nukiliya a Amurka, ta kafa ƙa'ida: wayoyin da ake kashe tukunya da su da na madadinsu kada wuta ɗaya ta cinye su tare. Ko dai a raba su da shingen da zai jure wuta awa 3, ko a bar tazarar ƙafa 20, ko shingen awa 1. Hanyoyi biyun ƙarshe sai da na'urar gano wuta da mai kashe ta da kanta.

Matsalar ita ce an riga an gina tsofaffin tashoshin, tazarar ba ta samuwa ko'ina. Sai kamfani ya nemi sassauci, ya nuna cewa abin da zai iya ƙonewa a ɗakin kaɗan ne. Wannan na yarda da shi.

Abin da ke damuna shi ne irin na tashar Indian Point ta jihar New York a 2007, inda aka amince da shingen minti 24 a maimakon awa 1, bayan gwaji ya nuna kayan rufin wayoyin ba sa kai awa ɗin. A ganina, kamata ya yi a ce an sauya kayan a lokacin.