Tambayi Anti Nas: An ce jini ya zuba a ƙwaƙwalwar bakwainina

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan jarirai ne, na zaɓi huɗu, tambayar farko za ta ci wuri don na san ba mai ita kaɗai ce ke kwana ido biyu kan wannan maganar ba.

TAMBAYA: Anti Nas barka da aiki. Na haihu cikina sati 29 suka ce, yarinyar kilo 1.2, yau kwananmu 19 tana cikin kwalba. An yi mata sikanin ta maɗiga, likita ya ce jini ya ɗan zuba a ƙwaƙwalwarta wai mataki na biyu, yana faɗa ya wuce ni kuma kaina ya ɗaure ban iya tambayar komai ba, da dare na shiga intanet wallahi abin da na gani ya hana ni barci. Dan Allah kar ki ɓoye min, za ta yi tafiya? Za ta yi magana? Daga Maman bakwaini.

AMSA: Sannu 'yar uwa, Allah Ya raya mana ita. Ba zan ɓoye miki ba, amma dai wayar nan ki rabu da ita da dare.

A can cikin ƙwaƙwalwar ɗan tayi akwai ramuka masu ruwa, a gefensu akwai wani wuri da ake ƙera sabbin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, jijiyoyin jinin wurin sirara ne ƙwarai kuma ba su da abin da ya tokare su. Da cikin ya kai sati 34 zuwa 36 wurin ya gama aikinsa ya shafe. Taki ta fito tun wurin yana kan aiki, toh hawa da saukar jini kaɗan, ko wahalar numfashi a kwanakin farko, ya isa ya fasa jijiya. Shi ya sa yawancin irin wannan zubar jinin a kwana uku na farko yake faruwa, ba wani abu kika yi ko kika ƙi yi ba.

Matakan guda huɗu ne, wata likita Lu-Ann Papile ta tsara su a 1978. Na ɗaya da na biyu su ne masu sauƙi, jinin bai kumbura ramukan ba, jiki ne yake shanye shi da kansa, kuma mafi yawan yaran suna tashi su yi tafiya su yi magana. Na uku da na huɗu su ne muke ɗaga musu hankali. In kin lura nas tana zagaya tef a kan yarinyar tana rubutawa, ba don hula ba ne, ana duba ko ruwa yana taruwa ne, in kan yana girma da sauri fiye da ƙima za a sake sikanin.

Sai dai gaskiyar da kika nema tana da wutsiya. Farfesa Joseph Volpe na asibitin yara na Boston a Amurka, wanda littafinsa na 1981 kan ƙwaƙwalwar jarirai har yau shi likitocin fannin ke ɗauka, ya daɗe yana nuna cewa matsalar bakwaini ba ciwon da ake gani kaɗai ba ce, akwai kuma ginin da aka katse. Ki ɗauki wayar lantarki da robar da ake naɗe ta da ita, to ƙwayoyin da za su naɗe wayoyin ƙwaƙwalwa daga sati 24 zuwa 32 ɗanyu ne sharaf, ƙarancin iska ko wata cuta a jini tana iya taɓa su sikanin bai nuna ba. Ko a sati 34 ma nauyin ƙwaƙwalwa kusan kashi 65 cikin ɗari ne na wanda ya cika wata tara, kin ga sauran ginin a cikin kwalba da ƙirjinki za a ƙarasa shi.

Dokta Terrie Inder, 'yar Niyu Zilan, ita da abokan aikinta suka bi wannan da na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin ƙwaƙwalwa dalla-dalla. A 2006 sun fitar da bincike kan bakwaini 167 da aka haifa a sati 30 ko ƙasa, aka ɗauki hoton kansu a lokacin da ya kamata a ce an haife su, aka sake duba su suna shekara biyu. Kashi 21 cikin ɗari hotonsu ya nuna rauni matsakaici ko mai tsanani a waɗannan wayoyin, kuma su ne suka fi shiga haɗarin jinkirin tafiya da fahimta. Kashi 10 cikin ɗari na yaran gaba ɗaya suka samu shanyewar gaɓoɓi irin ta raunin ƙwaƙwalwa. Abin da ni na fi riƙewa a binciken, har cikin masu mummunan hoton akwai da dama da suka kai shekara biyu ba su da wata babbar nakasa. Don haka duk wanda ya kalli sikanin na kwana 19 ya yanke miki hukunci, ko ta alheri ko ta sharri, ya yi gaggawa. Abin da ya fi fitowa a irin su taki sai an shiga makaranta, wahalar lissafi, rashin natsuwa a aji, shi ya sa ba a sallamar bakwaini daga kilinik don kawai ya fara tafiya.

Naki aikin yanzu, ki tatsi nono ko cokali ɗaya ne a ba ta ta tiyo, ki wanke hannu kamar mai waswasi, ki roƙi a ɗora miki ita a ƙirji fata da fata. Dokta Edgar Rey ya fara wannan a Bogota ta Kolombiya a 1978 saboda kwalabe sun yi musu kaɗan, yau Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2022 cewa take a fara da zarar an haihu, awa 8 zuwa 24 a rana. Na sha ganin jariri na'ura tana ta ƙara a kansa, ana kwantar da shi a ƙirjin uwa ya kama bakin rigarta da yatsun nan kamar ashana, lambobin su daidaita. Kuma gobe ki tare likitan, ki ce ya zauna ya nuna miki hoton, haƙƙinki ne.

TAMBAYA: Anti, matata ta sha doguwar naƙuda, yaron cikakken wata tara ne amma bai yi kuka ba sai da aka yi ta bugo masa iska, washegari ya fara jijjiga. Na gani a Facebook wai Turawa sanyaya irin yaran nan suke su warke, ko mu sa masa ƙanƙara? Daga wani uba.

AMSA: Malam, a'a. Kar ku kuskura, ko tsumma mai sanyi.

Maganar sanyayawa gaskiya ce. In jariri ya rasa iska wajen haihuwa ɓarnar ba lokaci ɗaya take gamawa ba, akwai ɗan tsaiko na kamar awa shida sannan zagaye na biyu na mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ya taso, Alistair Gunn da Peter Gluckman a Niyu Zilan sun nuna a jikin 'ya'yan tumaki cewa sanyi yana rage wannan zagayen in an fara da wuri. A 2005 Dokta Seetha Shankaran a Amurka ta gwada a jarirai 208, mutuwa ko nakasa ta sauko daga kashi 62 zuwa 44 cikin ɗari. Amma ka ji yadda ake yi, na'ura ce ke riƙe zafin jiki a digiri 33.5 cak na awa 72, a fara cikin awa shida na farko, ana bin zuciya da jini da numfashi dare da rana. Naku ya riga ya wuce awa shidan ma. Sannan a 2021 Farfesa Sudhin Thayyil ya gwada a jarirai 408 a Indiya, Siri Lanka da Bangaladash, da na'urar da komai, bai rage nakasa ba, mutuwa ma ta fi yawa a waɗanda aka sanyaya, kashi 42 a kan 31. To ina ga ƙanƙara? Ku bar shi a hannun likitoci a tsayar da jijjigar, a duba sukarin jininsa, a kula kar zazzaɓi ya hau shi don zafi yana ƙara ɓarnar, in idonsa ya yi rawaya a auna shawara nan take. Bayan sallama a gwada jin kunnensa, a fara fisiyo, wato motsa masa gaɓoɓi a asibiti, da wuri.

TAMBAYA: Ɗana wata takwas bai zauna ba, da wata biyu ya riga lokacinsa zuwa, sa'anninsa har sun fara rarrafe. Daga Maman Boy.

AMSA: Hajiya ai ɗanki wata shida ne a lissafinmu, ana cire wata biyun har sai ya shekara biyu, kuma zama har wata tara bai makara ba. Abin da zai sa ki kai shi ba jira shi ne in wuyansa bai tsaya ba, ko jikinsa yana sanƙarewa ƙafafu suna harɗewa in kin ɗaga shi, ko hannu ɗaya kullum a dunƙule da ɗayan kawai yake ɗaukar abu.

TAMBAYA: Haihuwata biyu duk bakwaini, yanzu ina da ciki wata biyar, akwai abin da zai kare ƙwaƙwalwar wannan in ya sake zuwa da wuri? Daga mai juna biyu.

AMSA: Akwai ƙanwata, allurai biyu. Ta farko deksametason, ana yi wa uwa in ana ganin haihuwa ta matso tsakanin sati 24 da 34, tana nunar da huhun jariri tana kuma rage zubar jinin da na yi bayani a sama. Graham Liggins da Ross Howie suka tabbatar da amfanin irin wannan allurar a 1972, shi ma Liggins a kan tumaki ya fara gano abin, tumakin Niyu Zilan dai sun yi wa jariran duniya rana. Ta biyu magniziyam salfet, wadda ake yi wa masu jijjigar ciki, in an ba da ita kafin haihuwar da ke ƙasa da sati 32 tana rage shanyewar gaɓoɓi da kusan kashi 30 cikin ɗari. Duk biyun sai an san satin cikin daidai kuma sai kin iso da sauran lokaci, don haka ki faɗa wa masu awo tarihinki tun yanzu, ki ajiye takardar sikanin ɗinki ta farko a jaka, kina ganin ruwa ko jini ko mara tana ɗaurewa tana saki ki kama hanyar asibitin da ke da ɗakin jarirai, kar ki jira gari ya waye.